Yadda kwal da layin dogo suka haifi birnin Enugu

Jama'a, mu da muke neman abinci a Enugu ya kamata mu san yadda aka yi garin ya kafu, domin tarihinsa ya shafi zamanmu a cikinsa.

Kafin zuwan Turawa babu birni a nan, sai ƙauyukan mutanen Ngwo da Nike, kuma su ne masu ƙasar. Sunan ma daga harshen Ibo ya fito, "Enu Ugwu", wato saman tudu. A 1909 aka gano kwal a yankin Udi, aka fara haƙo shi a 1915. To, kwal kaya ne mai nauyi, ɗan dako ba zai kai shi bakin teku ba. Shi ya sa Turawa suka kafa Fatakwal, suka shimfiɗo layin dogo daga can, ya iso Enugu a 1916. Leburori suka yi ta kwararowa, sansaninsu ya zama unguwar da har yau ake kira Coal Camp.

Daga nan dogo ya miƙa arewa, ya bi ta Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da Kaduna a 1927. An gama gadar Binuwai a Makurɗi a 1932, jirgi ya daina jiran fito. Wannan hanya ta sauƙaƙa wa fatakenmu kawo shanu da sauran kayan Arewa, da yawansu kuma suka zauna. A shekarun 1950 ma, ɗan Arewa ne, Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

Ni mutumin Betso ne a ƙasar Mubi, inda jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Shanun kasuwar Mubi a tirela suke gangarowa Kudu, amma cinikin da muka tarar, waɗancan fatake ne suka share mana fagensa.

Saboda haka in yaronka ya tambaye ka yaushe muka zo, ka faɗa masa gaskiya: ƙasa ta mutanen Ngwo da Nike ce, dole mu girmama su, amma birnin da ke kanta gumin mutane da yawa ne ya gina shi, har da na iyayenmu. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.