Mai Cikin Fari: Wa Ke Yanke Abin Da Za Ta Ci?

A asibiti ake gaya wa mai cikin fari abin da ya kamata ta ci, amma a gida ake ɗora tukunya. Ta dawo daga awo da kati da ƙwayoyin ƙarin jini, ta tarar cefane yana hannun maigida, magana kuma tana bakin uwar miji da gwaggo da maƙwabciya. Yarinya 'yar shekara 17 ko 18, ga kunyar cikin fari, ina za ta iya ɗaga ido ta ce wa surukarta, "Ai malamar asibiti cewa ta yi…"? Wata ma sai cikin ya kai wata biyar tana lulluɓe shi da hijabi.

Wannan ɓoyon yana da tsada. Lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri a makonni huɗu na farko suke fara haɗuwa, lokacin da aka fi buƙatar sinadarin folik asid. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki, a kuma riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya gano kusan kashi 61 cikin 100 na masu ciki suna fama da ƙarancin jini. Mai ƙarancin jini kuwa, zubar jini kaɗan a wajen haihuwa yana iya tafiya da ita.

Duk da haka, maganar da ta fi yawo a tsakar gida ita ce: "Kar ki sha ƙwayar nan, ɗa zai yi ƙato, sai an yi miki aiki." Da wannan tsoro ake hana ta ƙwai, a rage mata nama. Iyayenmu ba mugunta suke yi ba, sun ga matan da doguwar naƙuda ta wahalar. Sai dai ƙwayar ƙarin jini ba ta kumbura jariri, kuma ƙugun da ya tsuke galibi na yarinyar da ba ta gama girma ba ne, ko wadda ta taso da yunwa. Rage mata abinci jaririn da bai kai kilo 2.5 ba yake jawowa, da uwar da ba ta da ƙarfin nishi. Batun cewa ƙwai zai sa yaro ya zama ɓarawo kuwa, ko tsayawa a kansa ban yi ba.

Kuma abinci mai gina jiki, ba sai an je kanti ba. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a matsa masa lemun tsami, ya fi burodi da lemun kwalba nesa ba kusa ba, domin tsamin yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga ganyen. Ga wake, awara, alayyahu, busasshen kifi a miyar kuka, da gishiri mai aidin. Shayi kuwa akasin lemun tsami yake yi, don haka a raba shi da lokacin cin abinci da na shan ƙwaya. Nonon da za a dama fura da shi ya zama dafaffe. Idan bayan gida ya yi baƙi saboda ƙwayar, ba illa ba ce. Idan kuwa kun ga tana ɓoye farar ƙasa a gefen zane tana gutsura, ga haki, ga tafin hannu fari fat, kada ku ce kwaɗayin ciki ne, a je a auna jininta.

Maigida, kai da ake zuba wa tsokar nama a kwano ita kuma ta tashi da romo, ka dubi lamarin nan. Ka raka ta awo ko sau ɗaya ka ji da kunnenka, sannan ka zauna da Hajiya mahaifiyarka ka yi mata bayani cikin ladabi, tunda matarka ba za ta iya ba. In za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a haɗa mata da katinta da ƙwayoyinta, a kuma gaya musu ranar awo na gaba.