Ciwon Sukari Da Sabuwar Na'urar Awonsa

A da, idan aka ambaci ciwon sukari a wannan yanki namu, sai a ce ai cutar attajiran birni ce, masu shan shayi da madara. Yanzu kuwa daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, da wuya a sami wanda bai san mai fama da shi ba, a cikin dangi ko a maƙwabta. Yana kama manomi, yana kama malamin makaranta, yana kama yaron da bai kai shekara goma ba. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya wajen miliyan 3.6 ne ke da shi a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ciwon ba su san suna ɗauke da shi ba.

Bari mu fara da yadda abin yake. Duk tuwon da muka ci, na masara ne ko na dawa ko na shinkafa, ciki yana narkar da shi ya mai da shi sukari, sukarin ya shiga jini. Akwai wata 'yar halitta a bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ita ce ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne ya buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka, inda zai zama ƙarfi. Idan insulin ya ƙare, ko kuwa jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Ƙoda ta yi ta ƙoƙarin zubar da shi ta fitsari, shi ya sa mai ciwon yake yawan fitsari, yake yawan jin ƙishirwa, yana ci amma yana ramewa. Tsofaffi sukan gane shi idan suka ga tururuwa ta yanyame wurin da mutum ya yi fitsari.

Iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, kuma a nan jiki ba ya yin insulin ko kaɗan, sai an yi allurarsa kowace rana har iyakar rai. Ba shan alewa ko rake ne ke kawo shi ba, kuma ba laifin uwa ba ne. Kafin shekarar 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da wannan ciwo ya kama sai dai a yi ta haƙuri. Wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson aka fara yi wa allurar a watan Janairu na 1922, ya kuwa ƙara shekara 13 a duniya. Iri na biyu shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya fi kama manya, yana bin jini a wasu gidaje, ƙiba da rashin motsa jiki suna taimaka masa. Shi ana iya riƙe shi da gyaran abinci da ƙwayoyi irin su metformin, ko da yake wasu daga baya sai an haɗa musu da allura. Akwai kuma wanda ke zuwa wa mata da juna biyu.

To, wahalar zama da wannan ciwo ita ce ba a ganin sukari da ido. Idan mai lafiya ya kwana bai ci kome ba, awonsa ba ya kai 100. Idan an auna mutum da safe kafin ya karya aka sami 126 ko fiye, aka maimaita wata rana aka sake samun haka, to ciwon ya tabbata. Wasu asibitoci suna amfani da wani ma'aunin dabam, inda 126 take zama 7. A raba babbar lambar da 18, sai a sami ƙaramar. Abin da aka saba shi ne a huda yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, 'yar na'ura ta nuna lamba. Wannan hanya tana da kyau, kuma har yanzu ita ce madogarar yawancin mutanenmu. Sai dai tana gaya maka abin da ke nan a daidai wannan minti ne kawai. Abin da ya faru da ƙarfe uku na dare kana barci, ba ta sani ba.

A nan ne sabuwar na'urar ta shigo. Wani ɗan faifai ne mai faɗin kwabo, ana manna shi a bayan dantse. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare mai laushi, tsawonsa wajen rabin santimita, wanda ke shiga ƙarƙashin fata ya zauna. Allurar da ta shigar da shi tana fita nan take, ba ta zama a jiki. Zaren yana ɗauke da wani sinadari da ke haɗuwa da sukari ya ba da 'yar wutar lantarki kaɗan. Gwargwadon yawan sukari, gwargwadon ƙarfin wutar, faifan kuma ya mai da ita lamba ya aika wa wayar hannu ko wata 'yar na'urar karantawa. An fara amincewa da irin wannan na'ura a Amurka a 1999, amma a lokacin sai likita ne ke duba sakamakon bayan kwanaki. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, wadda ta fito a Turai a 2014, faifanta yana yin kwana 14. Dexcom G6 tana yin kwana 10, tana ba da awo kowane minti biyar, wato sau 288 a kwana ɗaya. Mai huda yatsa da ya yi sau huɗu a rana ai ya yi ƙoƙari.

Amma a ganina ba yawan lambobin ne babban amfaninta ba. Kibiyar da ke gefen lambar ita ce. A ce ɗalibai biyu za su shiga filin ƙwallo, kowannensu awonsa 100. Na ɗaya kibiyarsa a kwance take, wato sukarinsa yana zaune. Na biyu tasa ta nuna ƙasa tsaye, wato yana zubewa da sauri, kafin a je hutun rabin lokaci yana iya faɗuwa. Huda yatsa zai ce musu duka lafiya lau. Sababbin faifan kuma suna yin ƙara idan sukari ya sauka ƙasa da 70, ko da tsakar dare ne, har ana iya haɗa su da wayar uwa ko ta malamin ɗakin kwana. Duk iyayen da suka taɓa kwana a zaune suna taɓa goshin yaro sun san darajar wannan ƙara.

Abu na biyu, tana koya wa mutum abincinsa. Zai ga da idonsa yadda kunun zaƙi ko tuwon shinkafa ko lemon kwalba ke harba layin sama, ya ga yadda wake ko alala ko kwaɗon zogale da rama ke ɗaga shi a hankali. Zai ga bambancin malmala biyu da malmala ɗaya da miya mai yawa, ya ga abin da 'yar tafiya bayan cin abinci ke yi. Mu da muke zaune tsakanin shinkafar Kadawa da masarar Doguwa, ga rake da mazarƙwaila a kowace kasuwa, wannan darasi ba ƙarami ba ne. Likitoci sun daidaita a 2019 cewa abin nema ga yawancin masu ciwon shi ne awo ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokaci.

Na'urar tana da nata aibu. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin tsoka da fata ne, shi kuwa yana bin jini a baya da 'yan mintoci. Saboda haka idan jiki yana rawa, gumi yana karyowa, amma waya ta ce lafiya, a yarda da jiki, a huda yatsa a tabbatar. Wanda ya kwanta ya danne faifan yakan ga lamba ta faɗi alhali ba haka ba ne. Shan ƙwayoyin bitamin C da yawa yana sa Libre ta nuna fiye da gaskiya. Gumin bazara yana ɓanɓare mannin, kuma faifan da ba a buɗe ba ba ya son a ajiye shi a ɗakin kwano mai zafi. Wanka dai ba ya hana shi aiki. Waya kuma sai da caji, mun kuwa san halin wuta. Sa'an nan a yi hattara da agogon hannu da zobe da ake tallarsu a intanet wai suna auna sukari ba tare da huda fata ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Fabrairu na 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai babbar magana, wato kuɗi. Faifan kwana 14 yana nufin guda 26 a shekara, daga waje ake kawo su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a 2023 kome na kantin magani ya yi tashin gwauron zabo. Kowa ya tambayi kuɗin guda a Kano ya ninka sau 26, zai ga buhunan masara nawa ke nan. Don haka kada gida ya rage insulin don ya sayi faifai. Insulin ne gaba, sa'an nan tsinken gwaji. Yaro mai iri na farko, da wanda sukarinsa ke faɗuwa ba tare da ya ji alama ba, su suka fi cancanta idan dangi ko ikkilisiya za su haɗa hannu. Mai iri na biyu kuwa yana iya sa guda ɗaya tak, ya rubuta duk abin da ya ci a makon nan biyu, ya kai wa likitansa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala su duba tare. Mai niyyar azumi ma ya fara shawartar likita, domin allura ba tare da abinci ba haɗari ce.

Rashin firji bai kamata ya hana kowa insulin ba. Wani bincike da Likitoci Marasa Iyaka da Jami'ar Janiba suka buga a 2021, daga sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Namu zafin na Afrilu yakan wuce haka, sai a koma ga dabarar Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wanda ya sami kyautar Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. A sa kwalbar a leda kada ruwa ya taɓa ta.

Ku ɗalibai, idan abokinku mai ciwon sukari ya fara rawar jiki, yana gumi, yana maganar da ba kai, ko ya fusata ba dalili, ba iskoki ba ne, ba kuma iskanci ba. Ku narka sukari ƙaramin cokali huɗu a ruwa ku ba shi, ko rabin kwalbar lemo, ku jira minti 15, in bai dawo daidai ba ku ƙara, sa'an nan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A kwantar da shi ta gefe, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa. Haka kuma yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana ramewa, balle a ce ya fara amai da numfashi sama-sama, kada a tsaya ga maganin zazzaɓin cizon sauro. A ce wa ma'aikacin asibiti ya auna sukarinsa a ranar.