Ziyarar gani da ido a makarantun firamare na ƙasar Rano

Ziyarar gani da ido hanya ce ta koyarwa wadda malami ke fita da yara daga cikin aji domin su ga abin da suke karantawa, su taɓa shi, su yi tambaya a kansa. An fi amfani da ita a darussan kimiyya, noma da tarihi. A kudancin Jihar Kano, a garuruwa irin su Rano da Kibiya da mazaɓar Kahu ta ƙaramar hukumar Kibiya, yawancin abin da darussan ke buƙata yana kusa da makaranta.

Muhalli

Yankin ƙasar noma ce, ana shuka gero, dawa, masara, gyaɗa da wake. A gona ɗaya yara za su iya ganin kuka, tsamiya da ɗorawa, wadda daga kalwarta ake yin daddawa. Gawo shi ne ya fi dacewa da darasi, domin yana kaɗe ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tohuwa, ya kuma yi kore da rani. Saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka, ganyen da ya zubar kuma taki ne. Yaron da ya ga yadda dawa ta fi kyau a gindin gawo ba ya buƙatar dogon bayani a kan allo. Duwatsun Rano da na Rurum kuwa suna nuna yadda ruwan sama ke wanke ƙasa yana haƙa kwazazzabo.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, tana cikin maƙwabtan ƙasar Rano. Ruwanta ne ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa, alkama da tumatir.

Tarihi

Rano tana cikin Hausa Bakwai, ana kuma yi mata kirari da Autan Bawo. A labarin Bayajida, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu sana'ar rini. An kafa masarautar Rano ta zamani a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, sannan aka dawo da ita a wannan shekarar a matsayin masarauta mai daraja ta biyu da ta ƙunshi Rano, Kibiya da Bunkure. Wannan tarihi ne da ya faru a idon yaran da ke firamare yanzu, kuma dagaci ko mai unguwa na iya ba su bayaninsa a zaure.

Irin wannan ziyara ta ƙara muhimmanci ne saboda an daɗe ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a makarantun firamare na Nijeriya ba, kafin gwamnatin tarayya ta dawo da shi.

Matsaloli

Mutane da yawa sun ɗauka ziyara ba ta cika sai an je birnin Kano, an hau Dutsen Dala, an shiga Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata da gidan zu na Audu Bako. Tafiyar tana da amfani, amma tana buƙatar kuɗin mota, abinci da izinin iyaye, abin da ke hana 'ya'yan marasa ƙarfi zuwa. Ajin da yara suka yi yawa kuma yana da wuyar kulawa a bakin ruwa ko a kan dutse, don haka akan raba su rukuni-rukuni, kowane da malami ko wani babba daga cikin iyaye.