Randa Ba Ta Son Fenti

Wata ɗabi'a ta shigo gidajenmu, daga Gwaram da Sara har Birnin Kudu, wai ita gayu. Uwargida za ta sayi sabuwar randa, ta ga ruwa na tsattsafowa a jikinta, sai ta ce ai ba ta gasu ba. A sa yaro ya shafe ta da fentin mai, ko a yaɓe ta da siminti, wasu ma har leda suke naɗa mata don kada ta jiƙa musu tayil. Bazara na kamawa, a ɗebo ruwa a ji shi ɗumi, sai a koma zagin maginiya. Ina laifinta, don Allah?

Wannan zufar da kike jin kunyarta, ita ce aikin randar gaba ɗaya. Zafi hanya ɗaya yake bi, daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi ba, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Ba ya juyowa da kansa sai an kashe ƙarfi a kai, kuma tun 1850 masanin nan na Jamus, Rudolf Clausius, ya rubuta wannan ƙa'ida. Don haka mai son ruwan sanyi, hanyar fita zai samar wa zafin da ke cikin ruwan. Abin da ya tsattsafo ta jikin yumɓu, idan iska ta buge shi ya bushe, da zafin cikin randar yake tafiya. Ba kuma kaɗan ba: kafin lita ɗaya ta bi iska, sai ta kwashi zafin da ya fi ninki biyar na wanda zai ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara ya kai ta tafasa. To kin toshe jikin randa da fenti, ta ina zafin zai fita?

Abin haushin, mu 'yan Jigawa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin fasaha ta Dutse, da wannan hikimar ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a baki. A gwajinsa, yalon da ke yamushewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Duniya ta ɗauka, mu kuma muna can muna sayen fenti.

A bar randa yadda aka gaso ta. A girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ƙarƙashin rumfa ko kusa da taga, ba a lungun ɗakin da ba a buɗewa ba. In jiƙa ƙasa ne damuwarki, zuba yashi a ɗora ta a kai. A riƙa kankare gansakukar da ke kama ta, in kuwa ta tsufa ta daina zufa, lokacin sabuwa ya yi. Masu tukunya biyu su yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma. Da damina, in ruwan bai yi sanyi sosai ba, kada a ce randa ta lalace. Iskar ce ta ƙoshi da laima.

Wasu za su ce ai mai ƙanƙara ma naɗe ta yake yi da buhu. Shi zafin waje yake tarewa kada ya shiga, kuma daidai ya yi. Masu firiji kuwa, injin nan wuta yake ci yana turo zafin ta baya. Ku daina manna shi da bango kuna lulluɓe shi da zane; ku bar masa ko taƙi ɗaya, miya kuma ta huce kafin ta shiga.