Me ya sa sanda mai santsi ke gagarar ƙartin Indonesiya?

In kana yawan leƙa TikTok a watan Agusta, da wuya ba ka ci karo da bidiyon nan ba: ƙarti ba riga, jiki duk baƙin mai, suna kokawar hawa wata doguwar sanda da aka rataye kekuna da tukwane a samanta. Sunan wasan panjat pinang, ana yin sa a Indonesiya duk ranar 17 ga Agusta, don tunawa da shelar 'yancin kai ta 1945. Sandar kututturen wata bishiya ce dangin dabino, an kankare ta sumul, an lafta mata giris.

Kafin ka ce ai ragwaye ne, tsaya ka ji lissafin.

Duk wanda ya maƙale a jikin sanda, ƙarfi biyu ke ja-in-ja a kansa. Nauyinsa na jan sa ƙasa, gogayyar fatarsa da itacen kuma na riƙe shi. In sun yi kunnen doki, ya tsaya cak. Nauyi ya rinjaya ko da kaɗan, sai sulɓi.

To, ita gogayyar ba a banza take zuwa ba, da matsa ake sayen ta. Iya yadda ka matse sandar da hannu da cinya, iya cijewar da za ka samu. Mu ƙaddara nauyinka kilo 60, kuma busasshen itace na mayar maka da rabin matsar da ka yi. Ke nan sai ka matse da ƙarfin kilo 120 kafin ka tsaya. Da wahala, amma cinyoyi za su iya, shi ya sa gwanaye ke dogara da ƙafa fiye da hannu. Wurin da aka fi faɗuwa kuwa shi ne lokacin da ka saki hannu don kamo sama, domin a daƙiƙar nan ƙafafu kaɗai ke ɗauke da kai.

Yanzu a shafa giris. In cijewar ta koma kashi ɗaya cikin goma, kilo 600 ake nema daga cinyarka. Ina! Ko ɗan dambe ba shi da wannan.

Shi ya sa ba a cin wasan da ƙarfin mutum ɗaya. Wani ya rungume gindin sandar, wani ya taka kafaɗarsa, wani ya taka ta wancan. Nauyin ya daina dogara da gogayya, ya bi ta kafaɗu ya sauka ƙasa. Ni kam na ƙasan nan nake tausaya wa: shi ke ɗauke da mutum uku ko huɗu, kamara kuwa na kan na sama. Kuma duk wanda ya sulɓo ya goge wani abu daga giris ɗin da jikinsa, sai na bayansa ya tarar da itacen ya ɗan fi cijewa.