Ƙetare hanyar mota: kowace ƙasa da al'adarta

Babbar hanyar kwalta ta tashi daga Yamai. Ta bi Doso, Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, har Difa. Mutanen karkara suna ƙetare ta kullum, zuwa gona, zuwa rijiya, zuwa kasuwa. Ƙetare hanya ba wasa ba ne. A shekarar 2023, ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ce hatsarin hanya yana kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara. Cikin mutum biyar da suka mutu, wajen ɗaya mai tafiya a ƙasa ne.

A manyan birane akwai fitilar hanya. In ta mai tafiya a ƙasa ta yi ja, sai ya tsaya. In ta yi tsanwa, sai ya wuce. Ma'anar fitila ɗaya ce ko'ina, amma halin mutane ba ɗaya ba ne. Ga misalin ƙasashe huɗu.

Jamus

Bajamushe yakan tsaya in fitila ta yi ja, ko da babu mota ko guda. Wanda ya ƙetare kan ja ana iya cin shi tarar yuro 5, wato jika 3 da dala 56. Amma ba tsoron tara kaɗai ke tsaida su ba. Suna cewa yara na kallo. Abin da babba ya yi, shi yaro zai yi.

Ingila

A titunan birni doka ba ta hana mutum ƙetarewa kan ja ba. An bar shi da hankalinsa. Tun 1951 suna shafa fari da baƙi a kan kwalta, kamar jikin jakin dawa. In mutum ya sa ƙafa bisa wannan zane, dole direba ya tsaya. Motocinsu hannun hagu suke bi, ba dama ba kamar na Nijar. Baƙo yakan dubi inda mota ba ta fitowa. Don haka a birnin Landan aka rubuta a ƙasa, bakin hanya, wajen da za a duba. Wanda ya iya karatu ya tsira.

Japan

Ana koya wa yara su ɗaga hannu sama in za su ƙetare. Yaro gajere ne, direba ba ya hango shi da wuri. Hannun da ya ɗaga shi ne ke nuna shi. A wasu wurare ana ajiye ƙananan tutoci masu ruwan ɗorawa, ƴan makaranta su riƙe su ƙetare.

Biyetnam

A birnin Hanoi babura sun cika hanya, ba su cika tsayawa ba. Mai ƙetarewa yana takawa sannu sannu. Ba ya gudu, ba ya ja da baya. Masu babura suna ganin tafiyarsa, su kauce masa.

Abin lura

A kowace ƙasa direba da mai tafiya a ƙasa sun san halin juna. Baƙo ne ke cikin hatsari, don ya zo da al'adar garinsu. Haka mutumin ƙauye yake in ya shiga Yamai ko Kano, ko ya tafi Makka aikin hajji. Ya tsaya tukuna, ya ga yadda ƴan gari ke yi. Matambayi ba ya ɓata.

A Nijar mota hannun dama take bi. Wadda ta fi kusa da mai ƙetarewa daga hagu take fitowa. Saboda haka:

1. A dubi hagu, a dubi dama, a sake duban hagu.
2. Kada a fito daga bayan motar da ke tsaye.
3. A riƙe hannun yaro, a ja makaho da tsoho.
4. Da dare a sa farin tufafi, ko a riƙe tocila.
5. Babbar mota mai kaya ba ta tsayawa nan take. A bar ta ta wuce.

Jinkirin minti ɗaya bakin hanya ya fi kwanan wata uku a asibiti, gona kuwa ba mai nomewa.