Shebur a Hannun Yaro, Ƙofar Tsoho a Buɗe

A jihohin arewacin Amurka, idan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, hukumomin ilimi kan sanar tun da asuba cewa yau babu makaranta, domin motocin ɗaukar ɗalibai ba za su iya bin hanya ba. Akwai gidajen da sanarwar ba ta shafa ba, wato waɗanda iyaye ke karantar da 'ya'yansu da kansu. Doka ta amince da wannan tsari a duk jihohi 50, kuma binciken hukumar ƙidayar ƙasar ya nuna cewa a 2020, lokacin korona, irin waɗannan gidaje sun tashi daga kashi 5.4 zuwa 11.1 cikin ɗari na gidajen da ke da yara 'yan makaranta. Da yawa cikin iyayen kan ambaci tarbiyyar addini a cikin dalilansu. A irin wannan gida, uwa ko uba ke yanke yadda ranar za ta kasance. Wasu sukan rufe littafi, su miƙa wa yara shebur, su ce a fara da ƙofar dattijuwar da ke maƙwabtaka. A ganina sun yi daidai, kuma likitocin zuciya za su goyi bayansu.

Kwasar dusar ƙanƙara aiki ne mai yaudara. A ido kamar auduga take, amma idan ta jiƙe nauyinta kan ninka sau da yawa. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, hawan jini ya ƙaru. Aikin kuma na hannu da kafaɗa ne, wanda ya fi tafiya wahalar da zuciya, ga shi mutum kan riƙe numfashi duk lokacin da zai ɗaga shebur. Tsohon da ya yi watanni yana zaune a ɗaki, rana ɗaya ya fita da sanyin safiya ya kama wannan aiki, ya ɗora wa zuciyarsa kayan da ba ta saba da su ba. Wani bincike da aka buga a Kanada a 2017, wanda ya bi bayanan lardin Kwibek daga 1981 zuwa 2014, ya gano cewa washegarin ranar da dusar ta kai santimita 20, haɗarin mutuwar maza da bugun zuciya kan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mutanen Bafalo a jihar New York sun ga wannan da idonsu. Birnin yana bakin tafkin Erie, kuma idan iska mai tsananin sanyi ta ratsa saman ruwan da bai daskare ba, sai ta kwashi danshi ta juye shi a kan garin. A guguwar da ta fara ranar 23 ga Disamba 2022, dusar ta wuce santimita 130, mutum 47 suka rasu a yankin. An tsinci wasu a kan titi, wasu cikin mota, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta tsaya musu suna cikin kwasar dusa. Wani matashi a garin Lockport ya mutu ne saboda dusar ta toshe bututun na'urar ɗumama gida, iskar guba marar launi marar wari ta cika ɗakin. Ita ce dai gubar da ke kashe wanda ya kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya share bakin bututun nan cikin 'yan mintuna, in har an koya masa ya duba.

Birane da yawa sun wajabta wa mai gida share hanyar ƙafa da ke gabansa, in ya ƙi a ci shi tara, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare ne wannan doka ta fi takura wa. Shi ya sa biranen Pittsburgh da Kalgari suka fito da shiri mai suna Snow Angels don ƙarfafa masu ƙarfi su share wa tsofaffi da naƙasassu. Shiri ne mai kyau, sai dai idan hanya ta rufe, ɗan agajin da ke wata unguwa ba zai iso ba. Maƙwabci kaɗai ke iya tsallako katanga.

Nan ne addini ke shigowa ba tare da wa'azi ba. Kiristan da ya tashi da labarin Basamariye mai tausayi, da Musulmin da ya san nauyin haƙƙin maƙwabtaka, duk sun ji umarnin taimakon maƙwabci tun suna ƙanana. Abin da ranar dusa ke ƙara wa yaro shi ne sanin yadda ake cika shi: ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tabbata an amsa, ya tambaya ko akwai magani da abinci, ko ɗakin da ɗumi, ya zuba gishiri a kan matakala don kada tsohuwa ta zame ta karye a ƙugu, sannan ya koma da yamma, domin motar share titi takan sake turo dusar ta toshe bakin ƙofar da aka buɗe da safe.